Ruwan da Inna Ta Ajiye a Tankin Tanimu

Bazarar bana ta zo da zafin da ko katanga ka jingina da ita sai ka zabura, kuma a cikinta ne Allah ya sauki Azumi lafiya. Azumi 'yata ce ta fari, tana aure a Legas, shekara da shekaru ko ɓari ba ta taɓa yi ba, har mun gaji da bin masu magani mun bar wa Allah. Sai ga 'ya mace. Ta zo bakwaini, aka saka ta a kwalba a asibiti, muka yi ta kwana muna tashi a kan waya ni da Azumi, tana kuka ina ba ta baki. Gwiwa ta hana ni zuwa ko kasuwar Gumel, balle in shiga doguwar mota. Abin da ya rage mini shi ne wata 'yar na'urar intanet da autana Nura ya saka mana a falo, mai 'yan fitilu kore, wadda ake biya wata-wata. Ranar da ya kawo ta ya nuna mini rubutun jikin kwalinta, ya ce ma'anarsa ba ta da iyaka.

Shekaranjiya da hantsi aka fito da jaririyar aka miƙa wa uwarta. Azumi ta kira ni ta bidiyo za ta nuna mini ita. Na gyara zama, na goge tabarau da bakin mayafi, na ga hannunta ya kai kan tawul za ta yaye, sai hoton ya sandare. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiya yana ta juyawa. Na girgiza wayar, na ɗaga ta sama, na kai ta bakin taga. Nura ya shigo ya duba ya ce, "Mama, mun cinye na wannan watan. Ba su yanke ba, gudu dai suka rage mana har wata ya ƙare."

Na ce, "Ba kai ka ce mini ba ta da iyaka ba?"

"Haka suke faɗa. Amma akwai inda in an kai sai su mayar da mutum a hankali."

"Wa ya auna?"

"Su."

Wallahi sai na ji ƙyama, irin wadda kake ji in ka tsinci ƙuda a ƙasan kunun da ka riga ka sha rabi. Na san wannan maganar. Na taɓa jin irinta daga bakin wani mutum mai haƙorin Makka, a gindin darbejiya, shekarar da na haifi ita Azumin.

Farkon shekarun casa'in ne, lokacin da azumi yake faɗowa tsakiyar bazara. Daminar da ta gabata ta yi gardama, gero ya fitar da kai ruwa ya ɗauke, aka girbe abin da aka girbe. Ina da ciki wata bakwai mijina ya sa ni a motar haya daga Gumel, aka kai ni ƙauyenmu da ke gaba da Ɗanzomo goyon ciki. Na tarar da garin babu maza sai tsofaffi, Baba ma ya tafi cin rani Kudu. Gidan daga Inna sai awakinta. Ni ce 'yar farinta, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da baƙi ta ce "yarinyar nan", ta kau da kai.

Rijiyar garin mai zurfi ce ƙwarai, in ka leƙa ruwan kamar kwabo yake can ƙasa. A wannan shekarar guga ya fara fitowa da laka, daga baya ya riƙa fitowa da yashi. Famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa mana ya daɗe da lalacewa, awaki ne ke sosa jiki da shi. Wata rijiyar tana can wajen bakin iyaka, wuni guda ce, sai masu amalanke. Tun hantsi rairayi yake ɗaukar zafi, in ka fita ba takalmi sai ka dawo da gudu. Iska in ta kaɗo kamar daga bakin murhu. Kaji su yi lamo a gindin randa baki buɗe.

A nan Tanimu ya shigo, tun kafin in iso garin. Ɗan garin ne, ya yi shekaru yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maigatari da Damagaram, ya samu abin da ya samu, ya je Makka ya dawo da haƙori. Ya sa aka haƙa burtsatse daura da gidanmu, aka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka kafa inji mai shan man gas. Ranar wata Juma'a ya miƙe a masallaci ya ce shi don Allah ya yi, kowane gida zai ba da ɗan abin sayen mai sau ɗaya in wata ya tsaya, shi ke nan. "Ku sha iya shanku, ku yi wanka iya wankanku." Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka har wani ya yi hawaye. Tun daga ranar ya zama Alhaji Tanimu Mai Inji.

Watan farko haka aka yi. A na biyu sai aka wayi gari an ga famfo na biyu, ɗan siriri, can gefen da rana take bugawa tun fitowarta har faɗuwarta. An ce tsumma aka cusa a bututunsa. Ruwa ba ya zuba a cikinsa, ɗiga yake yi, ɗis, ɗis, ka kafa tulu ka tsaya har inuwarka ta koma ƙarƙashin ƙafarka bai cika ba. Babban famfon kuwa, wanda ke gindin darbejiya, an cire masa kai, kan yana aljihun Alhaji. Yana zaune a tabarma da carbi, mace ta zo da tulu ya dube ta, in ya ga dama ya ba da kan a buɗe mata. In bai ga dama ba ya ce, "Gidanku kun sha naku. Ku bi ta can." Ba wanda aka hana ruwa, shi ma yakan faɗa da bakinsa, "Ni ban hana kowa ba." Nawa ne rabon gida, tulu nawa, jarka nawa, ba wanda ya sani. Mudun yana cikin kansa. Wanda ya matsu kuma yana iya sake biya a tsakiyar wata, a mayar da shi babban famfo da fara'a.

Ta ramukan dangarmu ina hango komai. Ina ganin lokacin da tankin yake cika ya yi ambaliya, ruwan ya bi wata 'yar kwata ya shiga lambun Alhaji, inda latas da albasa suke kore shar a tsakiyar garin da ko ciyawa babu. Ina ganin yaransa suna wanke a-kori-kurarsa har tayoyi, mata suna jere a rana suna kallo.

Inna tana da abin da yake cin ta. Ƙanwarta Ladidi ta rasu a kan jego tun ina ƙarama, jikinta ya kumbura, numfashi ya gagara, kowa ya ce wankan ne bai yi ba, sanyi ya shige ta. Tun daga nan Inna ta ɗauki wankan jego tamkar farilla. Kwana arba'in, safe da yamma, babbar tukunya cike, ruwan ya tafasa har ya yi tsalle. Ba ta taɓa zaunar da ni ta faɗa mini ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai dai in ta kalli ƙafata ta ga ta ɗan tasa, in ji tana ce wa akuya, "Ladidi ma haka ta fara."

Da watan Sha'aban ya tsaya sai ta yafa mayafi ta tsallaka wurin Alhaji, ni ina jinsu ta danga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ko da yake ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta yi wa uwarsa wankan haihuwarsa.

Ta ce, "Alhaji, yarinyar nan watanta ya kusa. Wannan watan za mu taƙaita ɗiba, mu ɗan matse, don abin da muka rage ya yi mana amfani a wanka."

Ya ja carbi ya ce, "Allah sarki. Allah ya raba lafiya, Inna Hauwa."

"Amin, Alhaji. Ka dai shaida."

"Allah ya raba lafiya."

Ta dawo fuska a sake. A wurinta magana ta ƙare, babban mutum ya yi addu'a a kan abu, ai ya amince ke nan. Inna da rumbu ta saba. Damin da ba ka ci yau ba yana nan gobe yana jiranka, ba ta taɓa jin abin da za ka biya, ka ƙi taɓawa, kuma ya ɓace ba.

Wannan Sha'aban ɗin ba na son tuna shi. Tulu ɗaya muke ɗiba da safe, shi ne sha, shi ne girki, shi ne alwala. Ruwan da aka wanke gero da shi a ba awaki, wanda aka wanke kwano da shi a ajiye a sake wanke wani. Wanki aka daina. Wanka ya koma jiƙa tsumma a goge wuya da hammata. Ga ciki ya tsufa, ga ƙuraje sun feso mini a baya da ƙarƙashin nono, zanena in na cire shi sai ya tsaya da kansa don gumi. Ni da kaina ina jin warin jikina ina kau da hanci. In na yi ƙorafi Inna ta ce, "Ke, daure. Yana can yana taruwa." Ta nuna tankin da haɓa. Wani lokaci da yamma sai in ga ta tsaya tana kallonsa yadda take kallon rumbunta bayan kaka.

Na haihu a farkon azumi, da rana tsaka, a hannun Iya Dije ungozoma. Sista Rifkatu ta ɗakin shan magani ta zo ta duba ni. Mutuniyar Filato ce, Kirista, aiki ya kawo ta, gajeriya mai faɗa, duk garin ana shakkar bakinta ana kuma son ta. Ta tarar an ɗora tukunya, wuta tana ci bal-bal, ta riƙe baki.

"Mama, a wannan zafin? Ruwan ɗumi kaɗan ya ishe ta. Wannan dafa mutum ne."

Inna ta ce, "Sista, ku garinku sanyi ɗan gida ne, ya san ku. Mu nan in ya shiga mace ba ya fita."

"To, kunun kanwar nan dai a rage."

"Za a rage," in ji Inna, tana ƙara kanwa.

Ni dai na sha wanka. A tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa a fyaɗa mini a baya, a ciki, a cinya, in yi ihu Inna ta ce in rufe baki maƙwabta suna ji. In fito jiki yana hayaƙi, a miƙo kunun kanwa da zafinsa. Ni ba na azumi, ina ci ina sha. Ita da azumi a bakinta take ɗebo ruwan, take faskare, take hura wutar, take tsaye a cikin tururin. Da aka zo suna dangin mijina suka cika gida daga Gumel, 'yan birni, kowacce sai ta yi wanka ta wanke ɗankwali. Inna ta sayar da akuya aka yi hidima, ba ta hana kowa ruwa ba. Me za ta ji, tana da ajiya a tanki?

Kwana biyu da watsewar 'yan suna ta tsallaka da tulu da sassafe. Alhaji ya dube ta, bai sa hannu a aljihu ba.

"Inna Hauwa, gidanku kun sha naku. Ku bi ta can."

Ta yi murmushi ta ce, "Na sani, Alhaji. Yanzu sai a shiga na wancan watan."

"Wane watan?"

"Sha'aban. Wanda muka rage. Ai na zo na faɗa maka."

Ya yi 'yar dariya, haƙorin ya haska. "Haba Inna. Ruwan wancan watan ai ya tafi da watansa. Ni na ce miki ki ƙi ɗiba? Famfo a buɗe yake, ke kika ƙi."

"Ka ce Allah ya raba lafiya."

"To, bai raba ba?"

Inna ta daɗe a tsaye. Ta dubi tankin, ta dubi lambun, ina jin a nan ta gane inda ajiyarta ta tafi. Ya ce in tana so ta sake biya a buɗe mata yanzu-yanzu. Ba ta da shi, akuyar ta tafi a suna, sauran biyun ƙashi da fata ne ba mai saye. Aika wa mijina kuwa, Inna ta gwammace ta mutu da a ce ta roƙi suruki kuɗin ruwan wankan 'yarta. Ta ɗauki tulunta ta zagaya ƙaramin famfo.

Matan unguwa ba su bar ta haka ba. Washegari sai ga Iya Dije ta shigo barka, ita da ta karɓi haihuwar da hannunta, da buta a ƙarƙashin mayafi. Ta wuce bayan ɗaki kamar mai kama ruwa, ta juye a tukunyar wanka. Bayanta wata ta shigo, bayanta wata. Watan azumi ne, wa zai tambayi mace don me take yawo da buta? Barka ta ƙi ƙarewa a gidanmu, wata ta yi mini barka da safe ta dawo da la'asar ta sake yi mini kamar yanzu ta ji labari. Har Sista Rifkatu ta sayi buta a kasuwar Sule Tankarkar, tana shigowa da ita tana harare-harare, mata suka dinga tsokanarta wai yaushe za a raɗa mata suna. Ta ce, "Ku bar ni. Wankan nan ban yarda da shi ba, amma mutumin can ne ba zan bari ya ji daɗi ba." A kwanakin nan ne kawai na yi dariya a jegon.

Alhaji bai daɗe ba ya gane. Ya ga butoci sun yi yawa a bakin famfo, kuma duk hanyarsu ɗaya. Ya tara mata ya ce shi da gida-gida ya yi magana, ruwan wani gida ba ya kwana a wani gida, wanda ya ga nasa ya yi masa yawa har yana kyauta, to ya nuna ya ƙoshi. A take ya mayar da gidan Iya Dije ƙaramin famfo, gidan da ke cike da jikoki ƙanana. Da yamma muna jin kukansu ta katanga. Inna ta fita ƙofar gida ta ce da matan, "Don girman Allah kada wadda ta sake shigo mini da buta. Na gode, Allah ya saka. Wankan 'yata ba zai zama ƙishirwar 'ya'yan wani ba." Ranar ce na fara jin ta ce "'yata", ko da yake ba da ni take ba.

Na roƙe ta a bar wankan, ko a mayar da shi sau ɗaya. Na ce Sista ma ta ce ba dole ba ne. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Sista ba ta wanke gawar Ladidi ba."

Daga nan rayuwarta ta koma bakin ƙaramin famfo. Ta yi sahur da ɗan tuwo, ta yi sallah, ta fita. A can ba a ajiye tulu a tafi, kana matsawa an ture naka an kafa wani, kuma ba za ka ga laifin kowa ba, kowa a matse yake. Sai ta tsaya. Ta samu na wankan safe ta kawo ta dafa ta yi mini, ta koma neman na yamma. Babu inuwa a wurin ko ta kara. Ina ɗaki da jaririya a cinya ina leƙenta ta danga, mayafi a ka, hannu ɗaya a ƙugu, leɓenta ya bushe ya tsage. Can gefe Alhaji yana kishingiɗe a inuwa, yaro yana yayyafa wa ƙasar da ke kewaye da tabarmarsa ruwa don ta yi sanyi. In an sha ruwa da magariba sai in ga ta kurɓi rabin moɗa ta mayar da sauran randa. Kunun da take ba ni ya daina wuce mini, ina haɗiya ina jin kamar jininta nake sha.

Ana cikin goman ƙarshe, wata rana bayan azahar, zafin ya kai inda ko tsuntsu ba ya motsi. Na ga ta sunkuya za ta ɗauki tulu, sai ta fasa, ta gyara masa zama a hankali don kada ya karkace, ta zauna a ƙasa, sannan ta kife gefe guda. Mata suka sa salati. Na miƙe da jaririya a hannu na kai bakin ƙofa, Iya Dije ta daka mini tsawa in koma, mai jego ba ta fita. Na koma danga ina leƙe. Sista Rifkatu ta taho da gudu ba ko ɗankwali, ta taɓa wuyan Inna, ta juya ta fuskanci Alhaji.

"Buɗe famfon nan! Buɗe, ko in fasa tankin!"

Ya sa hannu a aljihu. Ban taɓa ganin hannu ya daɗe a aljihu kamar na ranar ba. Aka ciccibi Inna aka kai ta gindin darbejiya, aka buɗe babban famfo, ruwa ya yi tsalle ya fito da ƙarfinsa. Suka yi ta kwarara mata a ka, a ƙirji, a ƙafa, ruwan yana bin rairayi yana nutsewa. Can ta yi tari, ta buɗe ido. Alhaji ya miƙa hannu ya rufe famfon, ya zare kan ya mayar aljihu.

Ya ce, "Sannu, Inna Hauwa. Allah ya ƙara sauƙi. Wannan da aka zuba daga na watan Sallah ne, na faɗa a gaban mutane don kada a zo ana gardama."

Sista Rifkatu ta tofar da yawu a gefen tabarmarsa. Wata tsohuwa ta ce, "Tir." Inna ta yunƙura ta zauna. Ta dubi ruwan da ke ɓacewa a ƙasa, ta dubi jikinta. Sai ta tattara bakin zanenta da mayafinta ta dunƙule su a ƙirji, ta miƙe tana layi, ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata hannu don kada ta saki. Haka ta tsallako a sunkuye, da sauri-sauri, ta shigo gida ta wuce ni ta nufi murhu.

"Ke, kawo ƙwarya ki tara, kada ya zuba ƙasa."

Na kawo. Ta matse mayafin, ta matse zanen, ta cire ɗankwali ta matse, har gashin kanta ta tatsa. Ta murɗa ta sake murɗawa har sai da ya daina ɗiga. Ruwan ya fito shuɗi-shuɗi saboda rinin zanen, da yashi a ƙasansa, da warin gumi. Ta juye shi a tukunya, ta haɗa da na tulun da wata ta biyo ta da shi, ta hura wuta.

Da shi aka yi mini wankan yamma. Ina durƙushe tana fyaɗa mini ganye ina kuka, ita ta ɗauka zafin ruwan ne, tana cewa in daure saura kaɗan. Ita kuwa abin da ya sa ta hawaye daban ne. Sai da aka yi magariba ta ce da Iya Dije ruwa ya wuce mata maƙogwaro lokacin da ake zuba mata, azuminta ya karye, ita da tun tana budurwa ba ta taɓa sha da rana haka kawai ba. Aka ce mata ai a sume take, babu komai. Ba ta yarda ba, bayan Sallah ta rama.

Alhaji ya cika alkawari. Watan Sallah ko rabi bai yi ba ya ce mun sha namu. Na yi arba'in a kan ƙaramin famfo, ba a fasa wanka ko sau ɗaya ba, na koma Gumel fata duk ta saɓule, Inna tana ta nuna wa mata ƙafata wai ku duba, ko alamar kumburi babu. Ruwan sama ya sauka a makare, rijiya ta dawo, mata suka daina ko kallon gindin darbejiya. Bayan 'yan shekaru injin ya mutu. Tankin yana nan har yau, ya yi tsatsa, tantabaru suna kwana a ciki. Inna ta rasu, Tanimu ma ya rasu. An ce a yafe wa mamaci, na yafe, amma ƙyamar ba ta tafi ba, har gobe ba na cin latas.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune da waya a hannu, zoben nan yana juyawa. Sai na tuna wani abu, na ji ɗan sanyi a raina. Na ce, "Nura, to a shiga na wancan watan mana."

"Wane watan, Mama?"

"Wanda ya wuce. Ba ka ga ina kashe na'urar da rana ba? Na hana yaran gidan nan kallo, ni ma na bar sauraron karatu, don ya taru saboda haihuwar yayarka."

Ya dube ni ya ce, "Shi ya sa kike zare ta daga wuta? Mama, ai ba ya taruwa. In wata ya ƙare, abin da ya rage ya ƙone."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. 'Yar Hauwa ce ni, ba musu. Shi Tanimu ko banza yana da fuska, Sista ta samu inda za ta tofa yawu. Waɗannan ko darbejiyar da suke zama ban sani ba.

Nura ya ce akwai ƙari in an sake biya, bari ya fita ya nemo, a halin yanzu ya ce wa Azumi ta turo hoto kawai, shi yana iya lallaɓowa. Saƙonta ya riga hoton isowa, ta ce sun yanke shawara, sunan Inna za a sa wa yarinyar. Hoton ya biyo baya dishi-dishi, wani duhu-duhu a tsakiya da nake jin kai ne, wani fari a gefe da nake jin tawul ne, ga zoben yana cika kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. Daga bakin ƙofa Nura ya ce, "Mama, ki ajiye ki huta, zai sauka da kansa."

Ban ajiye ba. Na riƙe ta da hannu biyu na gyara mata zama don kada ta karkace. A ƙaramin famfo ba a matsawa, kuma Hauwa nake jira.